Ƙara biyu ko ninka biyu: yadda wasu masu wasan labari a Kaduna suka koyi gyaran doka

Asalin lamarin

Mutum uku ne suka haɗa wasan, dukansu mazauna Kaduna: wani malamin lissafi na makarantar sakandare, da ƙanwarsa mai zane, da wani abokinsa da ke tsara shafuka a shagon fotokwafi. Ba zan ambaci sunayensu ko sunan wasan ba. Ni dai ina cikin waɗanda suka sayi littafin tun makon farko, kuma na fi shekara ina jan wasan a wani zaure a Tudun Wada, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona ya faru.

Ga wanda bai taɓa gani ba, irin wannan wasa ya fi kama da tatsuniya fiye da ludo ko karta. Mutum huɗu ko biyar ke zama a kan tebur ko tabarma, kowa ya ɗauki wani mutum na cikin labarin ya zama shi. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ke faɗin abin da aka gani da wanda aka gamu da shi a hanya. Idan aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa 'ya'yan ludo, littafin dokoki ya raba gardama. A Amurka aka fara sayar da irinsa, lokacin da kamfanin TSR ya fitar da Dungeons & Dragons a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson.

Na Kaduna a kan fatauci aka gina shi. 'Yan wasa ayari ne na fatake da suka taso daga Kano za su Gwanja sayen goro, da jakunansu da guzurinsu. Akwai dillali, da jagaba, da maharbi, da mai magani. Mai jan labarin kuwa madugu ake ce masa. Kowane ɗan ayari yana da baiwa huɗu a takardarsa: Ƙarfi, Baki, Ido da Zuciya. Malam ya zaɓi 'ya'yan ludo biyu na gida, masu fuska shida, saboda su ake samu a kowace kasuwa, ba sai an yi odar masu fuska ashirin daga waje ba.

Littafin shafi 96 ne, kwafi 300 suka buga da kuɗin aljihunsu, ya fito bayan Ƙaramar Sallah ta 2023. Suna kuma sayar da shi a fayil na PDF, a tura wa mutum ta WhatsApp bayan ya biya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan. Ludo a zama ɗaya yake ƙarewa. Wannan kuwa tafiya ɗaya takan ci wata huɗu ko shida, ana zama kowane mako, kuma mutumin da ka ɗauka yana girma a takarda: ya tara dukiya, ya koyi sana'a, ya yi abokai da maƙiya. Duk wannan a kan dokar littafin ake ɗora shi.

Mako na uku: kuskuren ya fito

A zaurenmu abin ya fara bayyana, wata Asabar da la'asar. Ayarinmu ya iso bakin kogin Kwara, mai jirgi ya tsawwala kuɗin fito. Wata ɗaliba da ke wasa a matsayin dillaliya ta ce za ta yi ciniki. Na ce sai ta samu 12, wato mafi wuya. Ta jefa ta samu 7. Na ƙara mata biyun da shafi na 31 ya ba dillali, ya zama 9, na ce ba ta ci ba. Sai ta buɗe jadawalin shafi na 58 ta miƙo mini. A can an rubuta: dillali, ninka biyu. Bakwai sau biyu 14 ke nan, wato in wannan jadawalin za a bi, ta haye da ayari kusan kyauta.

Kalma ɗaya ce ta bambanta, amma ga nauyinta. 'Ya'yan ludo biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36. Wanda ake nema ya kawo 9 ko sama yana da hanya 10 cikin 36. Idan aka ƙara masa biyu ya koma 21. Idan aka ninka masa ya koma 30. A wajen 12 tazarar ta fi muni: hanya 1 ga kowa, 6 ga mai ƙarin biyu, 26 ga mai ninki. Da jadawalin shafi na 58, dillali ya zama wanda ba a kayarwa, sauran 'yan ayari kuwa 'yan rakiya.

Da aka fara dubawa sai wasu suka yi ta fitowa. Haruffan da aka tsara jadawalai da su ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta mayar da su k, d da b ba wanda ya lura. Jadawalin gamuwa da baƙi ya koma gamuwa da baki, kuma tun da Baki ɗaya ce daga baiwoyin nan huɗu, wasu madugai suka ɗauka cewa duk baƙon da aka gamu da shi da Baki za a tunkare shi, ko da ɗan fashi ne. Sannan akwai wurin da babu kuskuren bugu ko kaɗan amma maganar tana da fuska biyu: ana rage guzuri a kowace kwana ne, ko a kowane zango? Daga baya da aka ƙirga, wurare 23 ne ke buƙatar gyara ko bayani.

Wata na biyu: amsa ta saƙon murya

Suna da zauren WhatsApp na masu wasan, mutum wajen 140. Nan tambayoyi suka fara zuba, Malam kuma ya shiga amsawa. Mutum ne mai haƙuri da son a gane abu. Sai ya gama duba takardun ɗalibansa da dare, sannan ya ɗauki waya ya yi bayani na minti uku ko huɗu a kan kowace tambaya, da misalai. A makonnin farko kowa ya ji daɗi, domin ga mai littafin da kansa yana amsa maka kafin ka kwanta.

Matsalar ta ɓullo ta wurare uku. Saƙon murya ba ya neman kansa: in kana son abin da aka faɗa mako biyu da suka wuce, sai ka yi ta ja sama kana sauraron saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Mutane kuma suka riƙa tura amsar zuwa wasu wurare ba tare da tambayar da ta jawo ta ba, sai bayanin da aka yi a kan wani yanayi na musamman ya koma kamar doka ta kowa. Na ukun shi ya fi ciwo. Tambayar guzuri sau biyu aka yi ta, tsakani mako uku, Malam ya ce kowace kwana a karon farko, ya ce kowane zango a na biyu. Bai sani ba sai da wani ya haɗa saƙonnin biyu ya tura masa.

Daga nan kalmar "ai Malam ya ce" ta shigo zaurukan wasa. Madugu zai yanke hukunci da littafi a hannu, wani ya zaro waya ya kunna murya. Wanda ke da data da lokacin bin zaure ya fi wanda ya sayi littafi ƙarfi. Masu littafin da ba sa cikin zauren, kuma sun kai rabin masu saye, ba su ma san ana yi ba.

Wata na uku: an sauya fayil shiru

Da farko sun yi tunanin sake bugu. Amma an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira. Takarda da tawada yawanci daga waje suke zuwa, maɗaba'u kuma da janareta suke aiki, don haka kuɗin da aka faɗa musu ya wuce abin da za su iya. Ga kuma kwafi 180 na bugun farko jibge a ɗaki.

Sai mai tsara shafuka ya gyara fayil ɗin PDF, ya ci gaba da tura wa sababbin masu saye da sunan fayil ɗin da, babu wata alama. Ba a sanar a zaure ba. Daga baya ya gaya mini dalilinsa: kunya, da tsoron kada labarin kurakurai ya hana sauran kwafin fita. A cikin gyaran ya ƙara sakin layi biyu, waɗanda suka tura komai gaba. Jadawalin shafi na 58 ya koma 59. Mutum biyu za su yi gardama, kowa ya ce a duba shafi kaza, kowa ya buɗe ya ga abu dabam, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne bai iya karatu ba. Kafin a gane cewa fayil biyu ne ke yawo, an yi kusan wata.

Wata na huɗu: gyara kowace Juma'a

Da asirin fayil ya tonu, Malam ya ce daga yau komai a fili za a yi. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai saka gyaran mako a zaure, a rubuce. An yi haka mako bakwai, gyara 31.

A nan ne wani sabon abu ya shigo. Yana cikin gyara kurakurai sai idonsa na lissafi ya fara ganin wuraren da babu kuskure amma shi bai gamsu da su ba. Ya ga ko ƙarin biyun ma ya yi wa dillali yawa, sai ya mayar da shi ɗaya, wato hanya 15 cikin 36 maimakon 21 in 9 ake nema. Mako biyu bayan haka ya mayar da biyun, amma sau ɗaya a kowane zango. Ya rage nisan kibiyar maharbi. Ya ƙara tsadar jaki. Duk waɗannan a jeri ɗaya suke zuwa da gyaran ƙ da ɗ, da lamba iri ɗaya, da murya iri ɗaya, babu abin da ke nuna cewa wannan gyaran kuskure ne, wancan kuwa sabon ra'ayi.

Madugai suka fara cika gefen littattafansu da biro, su soke, su sake rubutawa. Nawa har yau shafi na 31 kamar allon da aka wanke sau uku. Ɗalibar nan ta zaurenmu ta rubuta wa Malam a zaure, cikin ladabi: "Malam, ƙara biyu na yarda da shi, tunda shi ke shafi na 31. Amma wannan ɗayan daga ina ya fito? Wata huɗu ina gina dillaliyata a kan abin da kuka rubuta, na sayar da jakunanta biyu don ta koyi ciniki." Malam ya amsa mata da lissafi, kuma lissafin daidai ne. Ita dai ta daina zuwa. Wani dattijo cikin madugai, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin amsar, ya ce a kula kada garin neman gira a rasa ido.

Wata na biyar: taron tebur shida

Kafin a koma makaranta suka shirya taro a wani ɗakin taro na matasa, tebur shida, kowane tebur zai buga labari ɗaya cikin awa uku, a ƙarshe a ga ayarin da ya fi ribar goro. An zo daga Kawo, Barnawa, Unguwar Rimi da Tudun Wada, wasu samari biyar kuma suka taso tun daga Zariya.

Doka huɗu aka tarar a ɗakin. 'Yan Zariya littafi kawai suka sani, da ninkin shafi na 58 suke wasa tun farko. Tebur ɗaya yana bin fayil na biyu. Biyu suna bin gyaran Juma'a har na ƙarshe. Sauran biyun sun tsaya a gyaran mako na huɗu domin madugansu sun gaji. Fiye da awa ɗaya ta tafi a gardama, Malam yana zagayawa daga tebur zuwa tebur. Ayarin Zariya ya fi kowa riba da nisa, aka rasa yadda za a ce sun ci, aka rasa yadda za a ce ba su ci ba, tun da abin da aka sayar musu suka bi. Ba a ba da kyautar ba. Ina tsaye kusa lokacin da ƙanwar Malam ta ce masa a hankali: "Yaya, mu tsaya haka nan. Kada a ƙara taɓa komai sai mun zauna."

Wata na shida: dakatawa da bincike

Sun sanar cewa babu gyara na tsawon wata ɗaya. Ƙanwar ce ta ɗauki aikin duba yadda manyan kamfanoni ke yi, kuma abin da ta kawo ya kwantar wa yayanta da hankali, domin ya ga cewa masu ma'aikata da yawa ma sun sha wannan wahala.

Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na uku na Dungeons & Dragons a 2000. A 2003 ya fitar da gyararre mai lamba 3.5, wanda ya sa masu wasa da yawa suka sake sayen manyan littattafan bayan shekara uku kacal, wasu kuma suka yi ƙorafi. Bugu na huɗu, na 2008, shi ya fi kama da halin da suka shiga: gyare-gyare suka yi ta fitowa ta intanet har ya zamana littafin takarda ba ya isa a dogara da shi shi kaɗai. A bugu na biyar, na 2014, kamfanin ya sauya salo. Kowane littafi yana da gajeriyar takardar gyaransa, ana sa alama a kan abin da aka ƙara sabo, amsoshin tambayoyi kuma an tara su a wani kundi dabam mai suna Sage Advice Compendium. Manyan sauye-sauye kuwa aka faɗa a fili cewa za a tara su sai 2024, a fitar da su a sababbin littattafai. Shi kuma kamfanin Paizo, mai wasan Pathfinder, ya daɗe yana ɗaure gyara da lokacin sake buga littafi, sannan a 2023 ya sanar cewa zai koma fitar da gyara a lokutan da aka sani cikin shekara.

Abu biyu ta ciro daga nan. Gyaran kuskure da amsar tambaya da sauyin doka kowanne gidansa dabam. Kuma mutane suna jure gyara idan sun san ranar zuwansa.

Wata na bakwai: sabon tsari

Suka zauna su uku da madugai huɗu, har da ni, a tsakar gidan su Malam, muka baje gyare-gyaren nan 31 a kan tabarma, kowanne a 'yar takardarsa. Tambaya ɗaya muka riƙa yi wa kowace: abin da aka so rubutawa ne bai fito ba, ko ya fito amma bai fito sarai ba, ko kuwa ra'ayi ne ya sauya bayan bugu? Goma sha bakwai suka faɗa kashi na farko, shida na biyu, takwas na uku. A kan takwas ɗin nan aka daɗe. Malam ya kare kowanne da alƙaluma. A ƙarshe ya janye biyar, uku kuma aka bar su a matsayin zaɓi.

Abin da ya fito takarda ɗaya ce gaba da baya, da lamba da kwanan wata a samanta: takardar gyara ta 1. Kashi na farko kuskuren bugu, wanda ya hau kan kowa nan take. Kashi na biyu bayani, inda kalmomin littafi ba su sauya ba, an dai faɗi fuskar da ake nufi. A nan aka tsayar da guzuri a kan kowane zango, aka kuma faɗa a fili cewa an taɓa ba da amsa biyu. Kashi na uku zaɓi, da sharaɗi a rubuce: ba ya aiki sai a farkon sabuwar tafiya, kuma sai duk masu zama sun yarda. Kowane gyara layi ɗaya ko biyu ne: shafi, tsohuwar kalma, sabuwar kalma, da dalili a jimla ɗaya. A can ƙasa akwai ban haƙuri na layi uku a kan sauya fayil ba sanarwa, da hannun su ukun.

Suka tsayar da wa'adi: takarda ɗaya duk wata uku. Tsakanin takarda da takarda, hukuncin madugu shi ne doka a zaurensa. Malam ya daina amsa tambayar doka da murya. In an tambaya sai ya ce an rubuta, kuma da gaske akwai littafin rubutu da ƙanwarsa ke tara tambayoyin a ciki. Togaciya ɗaya aka bari: kuskuren da ke tsayar da wasa cak, irin na shafi na 58, ana iya sanar da shi nan take, amma a rubuce kuma da lamba. Duk wani sabon zaɓi sai an gwada shi wata ɗaya a zaure uku kafin ya shiga takarda.

Mai tsara shafuka ya yi aikin da ya fi kowanne amfani a ganina. Ya matse fayil ɗin har lambobin shafi suka koma daidai da na littafin takarda, ya sa lambar bugu a ƙasan kowane shafi, ya tura wa duk wanda ya taɓa saye kyauta. Ya kuma buga ƙananan sitika na wurare biyar mafiya muni, daidai girman layin, a liƙa a kan tsohon rubutu. Aka saka takardar gyara da sitikar cikin kowane kwafi da ya rage, aka ajiye wasu a shaguna biyu don masu littafi su karɓa, aka ba direban mota ya kai na Zariya.

Tsarin bai tafi sumul ba. Zauren WhatsApp ya yi sanyi, wasu suka ce Malam ya fara jan aji. Shi kansa jiran wata uku yana ci masa rai, musamman in ya ga abin da yake ganin zai gyaru cikin minti ɗaya. Sannan takardar ta 1 ita ma ta zo da kuskure: a wuri ɗaya an rubuta shafi na 59 maimakon 58, domin daga gurɓataccen fayil ɗin aka kwafo. Mai tsara shafuka ya so ya gyara ya sake turawa. Ƙanwar ta ce a'a, aka sanar da shi a rubuce, aka bar takardar yadda take, gyaran ya shiga ta 2.

Bayan shekara ɗaya

Takarda ta 2 ta zo da abu tara, ta 3 da uku. Kwafi 180 ɗin nan sun ƙare da takardar gyara a cikinsu, kuma ban ji wanda ya mayar da nasa saboda ita ba. Suka yi bugu na biyu, kwafi 200, kowane shafi a inda yake, an shigar da kashi na farko da na biyu cikin rubutun, zaɓin kuwa an kai shi shafuka biyu na ƙarshe. An sake taro, aka rubuta a ƙofa cewa littafi da takarda ta 3 za a bi, ban da zaɓi. Gardamar da ta fi tsawo ba ta kai minti biyar ba. Ɗalibar ta dawo da dillaliyarta. Wani zaure na Kawo kuwa ya watse tun lokacin gyaran Juma'a, bai sake haɗuwa ba.

Abin da na gani a ciki

Kurakurai 23 a littafi mai shafi 96 da mutum uku suka haɗa bayan aikinsu na yini ba abin kunya ba ne, kuma ba su suka kori mutane ba. Ranar da ɗalibar nan ta nuna mini shafi na 58 dariya muka yi, muka zaɓi ƙarin biyu, wasa ya ci gaba. Abin da ya yi ɓarna shi ne rashin sanin inda doka take. Saƙon murya ya raba ta gida-gida, sauya fayil shiru ya sa mutane zargin juna, gyaran Juma'a kuma ya hana ta zama wuri ɗaya har a saba da ita.

A cikin ukun, sauya fayil nake ganin laifi ne na gaske, domin ya taɓa amana, ko da yake na fahimci kunyar da ta jawo shi. Gyaran Juma'a kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma shi ya fi tsada, saboda ya cusa sabon ra'ayi cikin rigar gyaran kuskure. Idan mawallafi ya ce na yi kuskure, mai wasa ba shi da ta cewa. Idan ya ce na sake tunani, to mai wasan da ya yi wata huɗu yana gini a kan tsohon tunanin yana da haƙƙin a tambaye shi. Rarraba takardar gida uku shi ya mayar wa mutane wannan haƙƙi, kuma shi ne ya sa har waɗanda ba su son zaɓin suka karɓi sauran ba musu.

Wa'adin wata uku ba wani sirri ke cikinsa ba, wata biyu ko huɗu ma da sun yi. Amfaninsa shi ne ya tilasta wa Malam ya kwana a kan ra'ayi kafin ya fitar da shi, kuma da yawa daga abin da ya rubuta a littafin tambayoyi shi da kansa ya soke su kafin ranar ta zo. Ya kuma mayar wa madugu girmansa, domin a Kaduna, inda rabin masu wasa ba sa bin zauren intanet, littafin da ke kan tabarma da mutumin da ke riƙe da shi su ne abin da kowa ke gani.

Wuri ɗaya na saɓa da su. Malam yana da gaskiya cewa ƙarin biyu a kowane ciniki ya yi wa dillali yawa, na gani da idona a tafiya uku. Bugu na biyu dama ce ta mayar da sau ɗaya a zango ya zama doka, a faɗa a bangon littafi cewa an sauya, tun da sabon mai saye bai gina komai ba tukuna. Sun ji tsoron raba masu bugun farko da na biyu, suka bar shi a shafukan baya. Na rubuta musu wannan, ƙanwar ta shigar da shi littafin tambayoyi, kuma zaure uku suna gwada shi yanzu, har da namu na Tudun Wada, kafin takarda ta 4.